Gwaggonmu, Alhajin Mata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta rasu a ɗakinta a Gummi cikin daminar da ta wuce, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da hantsi ta cika, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Ban yi niyyar rubuta komai ba. Abin da na ga masu gaisuwa suna yi ne ya ishe ni, har yau kuma bai bar cina ba.

Maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi. Duk wanda ya zo sai ya ce Allah ya gafarta mata, wanda kowa ke buƙata, amma su sai sun ja kalmar, sun girgiza kai, sun kalli ƙasa. Na ga an binne mutanen da suka ci gonar marayu a garin nan, ba a ja musu gafara da tsawo haka ba. Wani dattijo ma har da ƙarin bayani, wai ya ji an ce ta tuba ta daina kafin ta kwanta ciwo. Ba ta daina ba, guiwa ce kawai ta fara ba ta wahala.

Cikin gida kuwa mata ne har bakin rijiya. Daga Anka suka zo, daga Bukkuyum, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, ƙafafunsu duk laka. Mace za ta shigo da kuka, ta zauna, can sai ka ga kafaɗunta na rawa a cikin hijabi, ta tuna wani abu. In aka dube ta sai ta mayar da shi tari. Wata 'yar Anka ta kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar salati, Inna mahaifiyarmu ta ja ta bayan ɗaki. Amma da za a tambaye su wace ce mamaciyar, sai su ce mace ce mai zumunci, mai kyauta, mai yawan azumi. Duk gaskiya ne. Sai dai ba zumunci ne ya ɗora su a bayan kabu-kabu cikin ruwan sama ba, kuma babu wadda ta iya buɗe baki ta faɗi abin da ya kawo ta.

To ni zan faɗa. Gwaggo 'yar rawa ce, kuma da babbar rigar maza take rawarta. Rigar nan ta bar wa 'yata Auta wasiyya, a gabana. Yayana kuwa, wanda shi ne babba a gidan yanzu kuma malamin makarantar allo ta ƙofar gidanmu, tun ba a ɗauki gawa ba yake tambayar inda makullin akwatinta yake.

Ga yadda abin yake, don waɗanda ba su taɓa gani ba, wato maza. Ranar wunin biki ko suna, idan mata sun ci sun sha, an rufe ƙofar zaure, an kife ƙwarya a cikin ruwa ana kaɗawa, sai a ji gyaran murya daga bayan rumbu. Sai ga Alhaji ya fito. Riga shuɗiya wadda ta sha wanki, hula ta karkace, gemun auduga, tumbi a gaba. Gwaggo gajeriya ce, don haka da hannunta ta rage wa rigar tsawo, ta kuma ɗinka wani ƙaton aljihu daga ciki, daidai ciki, inda take cusa matashin kai. Za ta tako a hankali, tana naɗe hannun riga a kafaɗa, ta leƙa tukunya, ta yamutsa fuska.

"Wa ad dahwa miyag ga?" in ji Alhaji. "Gishiri ya ƙare kasuwa ne, ko ni anka raina?"

Daga nan sai kiɗa ya ɗauka, Alhaji ya manta da girma. Tumbi ya yi gabas, riga ta yi yamma, tsofaffi suna riƙe ciki, amarya mai kukan rabuwa da gida ta ɗaga mayafi tana leƙe. Ban san yawan amaren da suka bar gidan iyayensu da dariya a baki saboda Gwaggo ba.

Mutane suna ɗauka rigar mijinta ce marigayi. Ba tasa ba ce. Shi dogo ne siriri, kuma bai taɓa mallakar riga mai aiki irin wannan ba. Ita ta sayi yadinta da cinikin ƙuli-ƙuli, ta kai wa wani maɗinki a Anka inda ba a san ta ba, ta ce na maigida ne. Mijin ya sani sarai. Abin da kawai ya roƙa shi ne kada ta taɓa yin tafiyarsa, ta kuma cika masa alkawari har ya bar duniya, ko da yake ta sha gaya mana cewa tafiyar tasa ba ta da abin kwaikwayo.

Don ba Alhaji ɗaya ba ne a cikin rigar nan. Gwaggo na iya kallon namiji sau ɗaya ta katanga ta ɗauke shi duka, yadda yake taka ƙasa, yadda yake tofar da goro, yadda yake kiran matarsa. Har magana ta zama a bakin matan Gummi, in miji ya cika fitina sai a ce a bar shi, Gwaggo za ta sa shi a riga. In an yi mata ƙorafi sai ta ware ido ta ce, "Ni ban zagi kowa ba. Tahiyatai kawai na ara, in an tashi biki in maida mishi."

Akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta ke auna mata hatsi da gwangwanin madara, ya kulle rumbu ya tafi da makulli a wuya, ga yara rututu. Ta rame har ana tambayar ko ciwo take. Babu wanda ya iya yi masa magana, don mutum ne mai sahun gaba a masallaci. A wani suna da uwarsa da 'yan uwansa mata suke zaune a gaba, Alhaji ya fito da gwangwani a hannu da makulli a wuya, yana auna iska, yana share bakin gwangwanin da yatsa kada ƙwaya ɗaya ta yi sama. Ba ta ambaci suna ba. Kowa ya yi dariya ban da uwar, wadda ta tashi ta nemi takalmanta. Kafin sati ya zagayo makulli ya koma hannun matar gida. Wannan matar na nan cikin masu gaisuwa, ta yi ƙiba abinta, kuma ita ma da aka zo yabon mamaciya mai zumunci ta ce.

Shekarun da aka tsananta kan kiɗa, aka riƙa kama makaɗa, Gwaggo ba ta yi gardama da kowa ba. Ta dai sa a riƙa shimfiɗa zane a kan ƙwarya don sautin ya tsaya cikin gida. Sallarta ba ta wuce lokaci, kuma ba ta taɓa fita zaure da rigar a jikinta ba. A ƙullin zane take kai ta gidan biki, a ƙulli take dawo da ita. Hankalinta a kwance yake game da abin, namu ne ba a kwance ba.

Sai zamani ya juya. Samari suka samu kuɗin haƙar zinari a wajen Anka, suka sayi babura da wayoyi. Biki ya koma na di-je da manyan lasifika. Yara maza suka koma wando tsukakke da kambas da hular hana-sallah, suna rawa a bakin shagon caji, wata irin rawa ta karya wuya da ja da baya. Auta tana 'yar budurwa a lokacin, ta leƙa ta gani, ta ɗauke rawar tsaf. Ta je gwanjo ranar kasuwa ta sayo wando da hula, tana sa su a ƙarƙashin dogon hijabi. In an shiga cikin mata sai ta tuɓe hijabin, ta juya hular baya, ta yi rawar da ta fi ta masu ita. Ni kaina abin ya dame ni, na kai ƙara wurin Gwaggo ina tsammanin za ta tsawata. Sai ta sa yarinyar ta yi a gabanta, ta kalla har ƙarshe, ta ce kafaɗar ta yi kyau amma fuskar ba ta san abin da take yi ba, namiji in yana rawa gani yake duk duniya shi take kallo. Da na ce Gwaggo ai wandon ya matse da yawa, sai ta ce na yaran yanzu ya tsuke, na zamaninta buje ne mai faɗi, amma duk ƙafa biyu ke shiga. Na tashi na bar musu ɗakin, tsohuwa da jika suna gwada ja da baya.

Labari ya kai kunnen Yaya. Ya shigo cikin gida, ya sa aka fito da wandon da hular, ya jefa su murhu a gaban kowa, ya ce a gidan malamai ba za a yi 'ya mace mai shigar 'yan tasha ba. Auta ta yini ba ta ci abinci ba. Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na san shirun nan, na kuma san ba na alheri ba ne.

Bikin da ya biyo baya na 'yar ƙanwarmu ne. Alhaji ya fito ba tumbi, da carbi mai tsawo, yana taku yana ɗage riga kada ta taɓa ƙasa, yana gyaran murya sau biyu kafin kowace kalma. Ya tsaya a bakin murhu ya zaro tsumma da tsinken sanda, ya ɗaga sama yana nazarinsa. Matar Yaya ce ta fara faɗuwa ƙasa don dariya. Abin da Gwaggo ba ta lissafa ba shi ne waya. Wata yarinya ta ɗauka, ta tura wa ƙawarta ta bulutut, daga nan ya shiga shagon caji, aka riƙa zuba wa mutane a memori tare da waƙoƙi. Hoton ya yi duhu, fuskar ba ta fita sosai, amma gyaran muryar nan ko kurma ya san mai shi. Har ɗaliban Yaya suka riƙa yi a bayan idonsa.

Ya same ta a ɗaki, ina nan. Bai ɗaga murya ba, don ita ta goya shi lokacin da Inna ta yi doguwar jinya. Ya ce ba mutuncinsa ne ya fi damunsa ba.

"Gwaggo, tsoro nika ji miki," ya ce. "Kin tsuhwa. In mutuwa ta iske ki da rigag ga, mi za ki ce?"

"In ce na ba bayin Allah dariya," in ji ta. "Kai mi za ka ce in anka tambaye ka hawayen yarinyag ga?"

Ta yarda da abu ɗaya, cewa fitar hoton waje bai yi daɗi ba, tun daga ranar kuma duk gidan da za ta yi wasa sai an tara wayoyi a cikin ƙwarya an kife. Amma haƙuri ba ta ba shi ba, shi ma bai ba Auta ba. Haka suka zauna, yana gaishe ta kullum da safe a durƙushe, tana amsawa, kowa na riƙe da nasa. Masu taurin kai irin na gidanmu ban taɓa gani ba.

Da ciwo ya kwantar da ita ta kira ni da Auta, ta nuna akwatin da haɓa. "Auta ad da rigag ga," ta ce. "Kada ki bari a kai ta inda ba a san ta ba." Na ce to.

Ban san Yaya ya riga ni ba. Ranar da aka fito da tufafinta don a raba sadaka, zannuwa da kallabai da hijabai duk suna nan, riga babu. Da na tsare shi sai ya ce ya fitar da ita tun daren farko, ya ba wani ladan na wani ƙaramin masallaci a Adabka, abokin karatunsa da ya zo gaisuwa, mutumin kirki marar hali, ya ce masa rigar mijin marigayiya ce. Ya zaɓi Adabka ne don nesa ce, babu wanda ya san rigar a can. A ganinsa ya yi wa Gwaggo gata, za a yi salla da rigar, lada ya riƙa isa gare ta. Ya faɗa idonsa da ƙwalla, wannan ne ma ya ƙara ba ni haushi, don ba ka iya yin faɗa yadda kake so da mai kuka.

Babu wanda ya san ta a Adabka! Namiji in bai ga abu da idonsa ba sai ya ɗauka duniya ma ba ta gani ba. Gwaggo ta yi wasa a bikin rabin matan Adabka.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki Auta muka kama hanya. Mota ta sauke mu, muka hau kabu-kabu, hanya duk ta cinye da ruwa, sau da yawa sai mun sauka mun taka. Ina tafe ina shirya maganar da zan gaya wa ladan ba tare da na tona wa Yaya asiri ba. Ashe ban buƙace ta ba. Ladan ya tafi gona, matarsa muka tarar tana surfe, mace kamar sa'ata. Ina cewa daga Gummi muke, gidan marigayiya, sai ta ajiye taɓarya ta rufe baki da gefen zane.

Ta ba mu ruwa, ta ba mu labari. Ta ce Malam, mijin nata, ya dawo da riga yana murna, ya ce bai taɓa samun sadaka mai kyanta ba, ga ta daidai tsawonsa, har da babban aljihu daga ciki inda littafi ke shiga ya zauna. Ita tana ganin shuɗin nan ta gane ta, don a bikinta ma rigar ta yi rawa. Ta rasa bakin gaya masa. Ranar Juma'a ya saka ta, ya cusa littafinsa a aljihun, ya fito yana naɗe hannu a kafaɗa. Ta ce tun daga ƙofar gida har masallaci, bayan kowane darni mace ce ke toshe baki. Bawan Allah ya dawo yana cewa yau mutanen gari sun cika fara'a. Washegari ta ce masa rigar na son wanki da ɗinki a hammata, ta karɓe, ba ta sake mayar masa ba. Ya tambaya ya gaji.

Na ce alhamdu lillahi, to a ɗauko mana, wasiyya ce, ga mai ita nan zaune. Sai ta sunkuyar da kai.

"'Yar uwa, ki yi haƙuri, ba ta nan. Tana Zugu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fara faɗa, na ce kayan wasiyya ne, na ce wa ya ba ta izini. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce wata ƙanwarta da ke aure a Zugu ce ta zo ta gan ta a kan igiya. Can yanzu ba a kiɗa, ba a guɗa, ko suna ne a ɓoye ake yi da rana tsaka a watse, don kada mutanen daji masu bindiga su ji alamar taro. Mata sun daɗe ba su yi dariya a wuri ɗaya ba. Wasan riga kuwa ba ya son lasifika, ƙwarya da zane a kai ya isa. Ta roƙa aro na suna ɗaya. Daga sunan aka wuce da ita wani gida, daga can wani.

"Ki ce a maido, sai in aika," in ji matar. "Amma ni ba ni iya zuwa in amshe ta da hannuna."

Na juya wajen Auta don ta taya ni, tun da hakkinta ne. Ita kuwa tambaya ta yi, wai wadda ke sakawa ta iya? Matar ta ce ana dai yi, ta miƙe ta gwada mana abin da ta gani. Wallahi ba ta iya ba, tafiya take kamar mai ɗauke da tulu. Auta ta ce ba haka ba ne, ta tashi ta tuɓe hijabi. Na zaci Alhaji za ta yi.

Sai ta dafa guiwar hagu da tafin hannu, ta miƙe da ƙyar tana cije leɓe. Ta ɗauki butar da ke gefen turmi, ta girgiza ta kusa da kunne don ta ji ko da ruwa. Ta taka a karkace, tana jan ƙafa ɗaya, tana gunaguni ƙasa-ƙasa a kan yaran da ba sa mayar da murfi. A tsakiyar tsakar gidan ta tsaya, ta waiga hagu da dama ko akwai mai kallo, sannan ta ɗan kaɗa kafaɗa sau ɗaya, ita kaɗai, don jin daɗin kanta, ta wuce. Ban taɓa sanin wani ya lura Gwaggo na yin haka ba. Matar ladan ta fara dariya ta ƙare da kuka. Ni kukan da ban samu yi ba ranar rasuwa, saboda haushin mutane, a gidan baƙi na yi shi, a kan turmin wata.

Da za mu tafi Auta ta ce wa matar kada a aika, a bar ta ta zaga. Ta ƙara da cewa a gaya wa mai sakawa ta riƙa cusa matashin sosai, kuma a tara wayoyi kafin a fara.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya saka mata da gwargwadon zukatan da ta sanyaya. Ya shirya Yaya, ya shirya ni. Har yau shi yana nan yana jin daɗin cewa ana salla da rigar, ni kuma ban gaya masa ba.

Rigar ba ta dawo ba. Labarin ƙarshe da na samu, an gan ta wajen Nasarawa Burkullu, hammatar ta yage da gaske, wata ta yi mata faci da jan ƙyalle. Jan ƙyalle a kan shuɗi, Gwaggo. Na kwana ina jin haushi, da safe na nemi ƙyalle shuɗi da zare na ba mai zuwa can, na ce a ba duk wadda rigar ke hannunta.